Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Tsohon Ɗan Majalisa Kan Binciken Cutar HIV

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

A shirin rediyon da aka yi da kai makon jiya ka ambaci sunana, ka tambaya a bainar jama'a ko me bincikenmu kan cuta mai karya garkuwar jiki ya tsinana wa talaka, ban da mayar da 'ya'yan mutane dabbobin gwaji domin mu ci kuɗin Turawa. Tunda a fili ka yi tambayar, a fili zan ba ka amsa, tare da kiyaye girmanka gwargwadon yadda ka bar mini hali.

Batun kuɗi ba zan ɓata tawada a kansa ba. Takardun kashe su suna nan ga mai son dubawa, kuma duk wanda ya san ni a asibiti ya san irin motar da nake hawa.

Abin da ya sosa mini rai shi ne zancen dabbobin gwaji, kuma na san inda ka samo shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka shiga shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Babu likitan Arewa da ya manta wannan tabo, domin mun ga yadda ya ƙara wa mutane dalilin ƙin allurar shan-inna a 2003. Amma ka ɗauki alhakin da wasu suka ɗauka shekaru da dama da suka wuce ka ɗora wa waɗanda ba sa ɗibar ko ɗigon jini sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, sai kuma an yi wa mace bayani da Hausarta ta ce ta yarda, wannan rashin adalci ne, kuma kai ma ka sani.

Ka ce a nuna maka abin da talaka ya amfana. Gwajin da aka yi a Uganda a 1999 ne ya nuna cewa maganin nevirapine mai araha, idan aka ba uwa lokacin naƙuda aka kuma ba jaririn, yana rage kamuwar jarirai da kusan rabi. A 2011 wani bincike ya tabbatar cewa idan mai ɗauke da ƙwayar cutar ya fara shan magani da wuri, haɗarin ya shafa wa abokin zamansa yana raguwa da kashi 96 cikin ɗari. Da wannan hujjar ce muke iya zama da mata da miji a yau mu gaya musu cewa sakamakon gwaji ba shi ne ƙarshen aurensu ba.

Inda aikin yake da nauyi shi ne gano wanda aka bari a baya, domin rashin daidaito ba ya bayyana sai an auna shi. Ƙidayar da aka yi gida-gida a Najeriya a 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da cutar, amma kason mata ya kai 1.9 yayin da na maza yake 0.9. Arewa maso Yamma ce ke da mafi ƙarancin kaso, 0.6, kuma wasu shugabanninmu sun ɗauki wannan a matsayin izinin yin barci. Sai dai a yankin nan namu mafi yawan mata a gida suke haihuwa, wasu a hannun ungozoma, da yawa ba sa zuwa awon ciki, saboda haka babu wanda ya gwada su balle a kare abin da ke cikinsu. Wadda aka gwada ma, sau da yawa ba ta dawowa karɓar magani, ko don kuɗin mota, ko don maigida bai ba da izini ba, ko don tsoron kishiya ta ga kwalbar ta kai labari har a kai ga saki. Irin waɗannan tambayoyi muke bi: ko ba da maganin wata uku ko shida a lokaci ɗaya zai riƙe ta, ko kuma shigar da ungozoma cikin aikin gwaji zai kai mu ga wadda ba ta taɓa taka asibiti ba. Babu Baturen da zai zo ya amsa mana su.

Ga kuma allurar lenacapavir ta rigakafin kamuwa da cutar, da ake yi sau biyu a shekara, wadda a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Uganda ba a sami ko ɗaya cikin 'yan mata sama da 2,000 da aka yi wa ta kamu ba. A Amurka kuɗinta ya haura dala 28,000 a shekara. Ko da samfurin mai sauƙin kuɗi ya iso, idan ba a bincika yadda za a kai ta ƙauye ba, a manyan birane za ta tsaya.

Yanzu ni ma ka ba ni dama in tambaya, ranka ya daɗe. A Abuja shugabannin ƙasashen Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za a ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, hankalin masu shan magani ya tashi domin kusan komai a kan PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da cutar, ya dogara. Kai da ka zauna a zauren da ake raba kasafin, naira nawa ka nema a ware wa bincike don mu daina miƙa hannu? Abin mamaki ne a ce wanda ke hawa jirgi zuwa ƙasar waje duba lafiyarsa shi ne ke ƙyamar kuɗin waje, kuma sai da zaɓe ya ƙarato tausayin talaka ya kama shi. Ɗakin shan maganinmu a buɗe yake kowace ranar aiki. Ka zo ba tare da 'yan jarida ba, ka nemi izinin matan da ke kan layi, ka maimaita tambayarka a gabansu.

Wassalam.