Godiya ta musamman ga ma'aikatan sashen gashin ƙashi na Asibitin Ƙashi na Dala

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ni tela ne a nan Kano, shekara 19 ina kan keke, kuma wallahi na kasa yin shiru shi ya sa na ce bari in fito fili in yi muku godiya kowa ya gani.

Ciwon ya faro ne tun cikin azumi lokacin ɗinkin sallah, kullum almakashi a hannu ina yanka shadda da yadi, ga dutsen guga mai nauyi, har ƙarfe biyun dare wani lokacin muna shago. Sai na fara jin zafi a gefen gwiwar hannuna na dama ta waje, daidai ɗan ƙashin nan da ya fito. Wasa wasa abu ya kai ko buta na ɗauka zan yi alwala sai na ji kamar an soka min allura, musabaha ma idan mutum ya matse min hannu sai na cije baki. Na shafa man zafi har na gaji, na sha maganin kemis har cikina ya fara damuna, wasu suka ce in je wajen mai ɗori alhali ba karaya ba ce ba targaɗe ba.

Da na zo wajenku likitan gashin da ya duba ni bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Ya sa na miƙe hannu, ya ce in ɗaga tsintsiyar hannuna sama shi kuma yana dannewa, nan take zafin ya taso. Ya ce Malam jijiyar da ke ɗaga yatsu da tsintsiyar hannu ce ta gaji a inda ta maƙale da ƙashin gwiwa, aiki iri ɗaya da ake ta maimaitawa shi ke jawo shi, kafintoci da mahauta da mata masu daka duk suna fama da shi. Rabon da wani ya yi min bayanin jikina haka dalla dalla har na manta.

Abin da ya fi burge ni shi ne tausar dannawa da ya koya min, ya ce Sinawa sun daɗe suna yin irinta. Ka lanƙwasa hannu, inda layin gwiwa ya ƙare ta waje ka ɗora babban yatsa ka danna a hankali kana ɗan juyawa kamar minti ɗaya, sannan ka sauko kamar faɗin yatsu uku cikin tsokar nan mai kauri ka sake dannawa. Zafi za ka ji amma mai daɗi daɗi, idan ya koma mai suka to ka sassauta. Kuma bai ruɗe ni ba, ya faɗa min gaskiya tausar sauƙi take kawowa, warakar tana wajen motsa jijiyar da rage mata wahala, kuma abin na iya ɗaukar watanni, in yi haƙuri. Ya nuna min yadda zan miƙe hannu in ja yatsuna ƙasa na daƙiƙa 30, da yadda zan riƙe ƙaramar gorar ruwa in dinga sauke tsintsiyar hannu sannu sannu. Har almakashina ya tambaya, ya ce in kai a wasa shi don mai dakushi ya fi gajiyar da hannu, ni ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Yau wata huɗu kenan. Na koma yanka, guga dai na bar wa yarana na shago tukuna kamar yadda aka ce min, da safe bayan asuba nake tausar da motsa hannun kafin in fita.

Ina kuma gode wa Hajiyar da ke karɓar kati, kullum da fara'a take ce min Baba ya jikin, da masu shara da ke gaishe mu tun daga ƙofa. Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci zuri'arku, ya ƙara muku haƙuri da mu marasa lafiya.

Naku,
Wani tela daga cikin birnin Kano