Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Kumasi zuwa ga Shugaba Tinubu kan mutanen Abacha da ke kusa da shi

Mai girma Shugaba Bola Ahmed Tinubu, ranka ya daɗe, barka da aiki.

Ni ɗan Najeriya ne da ke neman abinci a nan Kumasi, kuma tunda gwamnonin APC sun riga sun ce kai suke so ka sake tsayawa a 2027, to gara mu yi maka wannan tambayar tun yanzu kafin a fara buga gangar kamfe kowa ya daina jin kowa.

Kai ba sai an ba ka labarin Abacha ba. Kana cikin 'yan NADECO, ƙungiyar da ta yi adawa da mulkin soja, mulkinsa ne ya sa ka bar ƙasar ka yi gudun hijira, a lokacin ne aka harbe Kudirat Abiola a Legas a 1996, Shehu Musa 'Yar'adua kuma ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997. Da wannan tarihin ka yi ta neman ƙuri'a, shi ya sa wasunmu suka gaskata ka. To ta yaya ranka ya daɗe a watan Agusta 2023 ka ɗauki ma'aikatar kasafin kuɗi da tsare-tsaren tattalin arziki ka miƙa wa Abubakar Atiku Bagudu, tsohon gwamnan Kebbi?

Maganar nan ba ta majalisar shayi ba ce. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ce ta sa sunansa a ƙarar da ta kai kotu kan kuɗin Abacha, ta ce yana cikin waɗanda suka taimaka aka fitar da su waje, an tsare shi a Texas a 2003, daga baya aka yi sulhu da gwamnatin Obasanjo ya amince a dawo da dala miliyan 163. Na sani babu kotun da ta yanke masa hukunci, shi ma bai taɓa amsa laifi ba, kuma ni ba alƙali ba ne. Amma ko a kasuwar Kejetia wanda aka taɓa rigimar kuɗi da shi ba a ba shi riƙon adashi sai ya fito gaban mutane ya wanke kansa, balle kasafin ƙasa gaba ɗaya. Mun san shi ne shugaban gwamnonin APC lokacin da ka ci fidda gwani a 2022, mun san siyasa akwai ramuwar alheri, amma da aljihun talaka ake rama wa?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kai ne ka tsaya ranar 29 ga Mayu 2023 ka ce tallafin mai ya tafi, ka ce mu yi haƙuri mu ɗaure ciki, kuma wallahi an ɗaure, mu da ke nan muna gani tunda duk sidin da muka tura gida kafin sati ya zagayo an sake kira, abinci ya tashi, kuɗin mota ya tashi, magani ya gagari tsofaffinmu. Wanda ya ce wa mutane su jure yunwa dole su ga hannun waɗanda ke zagaye da shi.

Ina sane a Kano da sauran garuruwanmu akwai masu son Abacha har gobe, su ce ya yi PTF, asusun da aka yi ayyukan raya ƙasa da kuɗin mai, a zamaninsa abu da sauƙi. A nan Aboabo ma mukan yi wannan musun har murya ta dishe. Amma kuɗin da Siwizalan ta dawo da su, wajen dala miliyan 321, da dala miliyan 311 da suka zo daga Jersey da Amurka a 2020, daga ina suka fito in ba a kwashe su ba? Na 2020 ɗin an ce za a zuba su a gadar Neja ta biyu da hanyar Legas zuwa Ibadan da hanyar Abuja zuwa Kano, amma har ka hau mulki ba a gama ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ba, kuma 'yan uwanmu ne ke mutuwa a kanta.

Ga kuma batun hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da aka ba kamfanin Hitech na su Chagoury, alhali kotu a Janiba ta samu ɗan kasuwa Gilbert Chagoury da laifi a 2000 kan kuɗin Abacha ɗin dai. Sai maganar ba mu damar zaɓe daga waje, wadda mun gaji da jira.

Don Allah don Annabi ranka ya daɗe, ka fito da bakinka ka yi mana bayani, kar ka turo mai magana da yawunka ya ce aikin 'yan adawa ne. A wallafa yarjejeniyar 2003 ɗin kowa ya karanta, a fitar da lissafin kuɗin Abacha da aka dawo da su aiki bayan aiki, kuma ka faɗa mana tun kafin zaɓe ko da waɗannan mutanen za ka sake tafiya. Mu ba mu da ƙuri'a a Ghana, amma muna da iyaye da ƙanne a gida masu katin zaɓe, kuma sukan tambaye mu kafin su dangwala.

Wassalam, daga Kumasi.