Dillalan gidaje da ciniki a kan ciniki

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in faɗi abin da ya same ni wajen sayen gida a Kano, domin tun da na fara ba da labarin a makarantar da nake koyarwa, duk wanda na faɗa wa sai ya ce shi ma an yi wa wani nasa.

Bayan rasuwar maigidana aka raba gado, na haɗa rabona da na 'ya'yana uku da abin da na tara a adashi, na ce gara mu bar haya. Wani dillali ya kai ni wani gida a Gaida, ɗaki uku da falo da rijiya a tsakar gida. Mai gidan, dattijo ne da zai koma garinsu, ya sa naira miliyan 18. Yayana ya taya 14, aka ce albarka. Aka yi ta ja har ranar wata Alhamis bayan la'asar, a gaban shaidu biyu, dattijon ya ce ya sallama a miliyan 15 da rabi. Na ba da kafin alƙalami dubu 500. Na nemi a rubuta, dillalin ya ce, "Haba Hajiya, ai an zama ɗaya. Ranar Litinin a rubuta gaba ɗaya a gaban mai unguwa." Na kuma nemi kwanaki mu bincika takardun gidan a ofishin filaye, aka amince.

Ranar Asabar da dare sai ga wayar dillalin. Wai wani Alhaji ya zo daga Abuja da kuɗi a hannu ya taya miliyan 17, in ban ƙara miliyan ɗaya kafin gobe ba gida ya tafi. Na ce wane Alhaji? Ya ce amana ce, ba zai faɗi suna ba. Daren nan ban runtsa ba. Na fito da sarƙata da awarwaron da mahaifiyata ta bar mini na jera a kan gado ina lissafin abin da za su yi a kasuwa. Da asuba Yaya ya ce in mayar da kayana, ya hau babur ya tafi wurin mai gidan da kansa. Dattijon ya ce shi bai ji labarin wani Alhaji ba, kuma ko da ya zo, bakin da ya sallama da shi bai canza ba.

Gidan yana hannuna yanzu, alhamdu lillahi. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wanda muka ji daga baya. Ashe mako biyu kafin in ga gidan, wani maƙwabci ya taya miliyan 16 ta hannun wani dillalin daban, namu ya danne maganar bai kai wa mai gida ba, don kada su raba la'ada. Wato dattijon nan an cuce shi fiye da ni. Da an kai masa wancan tayin a lokacinsa ya karɓa, da ba ni da bakin magana, kayansa ne. Mutum ɗaya ya ɓoye tayin gaskiya, ya ƙirƙiro na ƙarya, sannan ya miƙa hannu ya karɓi kashi 5 cikin 100 a wurina, ya karɓi irinsa a wurin mai gida. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa wannan ya ci ladan mutum biyu bai yi wa ko ɗaya ba.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, ya kuma hana najashi, wato ɗaga farashi ba da niyyar saye ba sai don a zuga wani ya ƙara. Imamu Malik ya fayyace iyakar a Muwaɗɗa, kuma haka muka karanta a Risala: matuƙar kaya na kasuwa ba a daidaita ba, kowa na iya tayawa, babu laifi. Hanin yana farawa ne idan mai kaya ya karkata ga mai saye sun kusa ƙullawa. To aikin dillali a bayyane yake. Kafin sallama ya kai wa mai gida kowane tayi, ya kuma sanar da masu nema cewa ba su kaɗai ba ne. Bayan sallama ya rufe ƙofa.

Ƙanina da ke aiki a Ingila ya ba ni mamaki da ya ce can ma ana kuka da zamewar mai gida bayan ya amince, domin cinikin bai ɗaure kowa ba sai an yi musayar takardun yarjejeniya. Sai dai suna da dokar dillalan gidaje tun 1979, kuma a ƙarƙashinta wajibi ne dillali ya isar da kowane tayi ga mai gida a rubuce ba tare da jinkiri ba, an hana shi ƙaryar cewa akwai wani mai nema, kuma dole ya bayyana idan shi ko ɗan'uwansa na da hannu a cinikin. Wanda ya saɓa ana iya hana shi sana'ar. A nan gida Najeriya ma, Legas ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista.

Mu nan Kano duk wanda ya samu benci a bakin titi da waya ya zama dillali. Ga shi Dokar Filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake mayar da satifiket ɗin mallakar fili zuwa sunan wani, bincike kuma yana cin lokaci. A cikin wannan jiran ne ake shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Na san dillalai masu tsoron Allah, wanda ya samo wa maƙwabciyata gida har tsagar bangon baya ya nuna mata kafin ta taya, kuma irinsu ne suka fi kowa asara idan sana'ar ta ɓaci.

Roƙona ga Majalisar Dokokin Jihar Kano shi ne a yi wa dillalan gidaje rajista da katin shaida, a wajabta musu rubuta kowane tayi da sunan mai shi da kwanan wata, a nuna wa mai gida. Masu unguwanni su daina bari kafin alƙalami ya wuce hannu babu takarda mai ɗauke da farashi da wa'adi. Limamanmu kuma su taɓo najashi a huɗubar Juma'a, domin dillalin da ya yi mini wannan, da Yaya ya ambata masa kalmar, cewa ya yi bai taɓa jin ta ba.

Taku,
Wata malamar makaranta,
Gaida, Kano.