Noman Wurno bai fara da madatsar ruwa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A wani shirinku da na saurara, wakilinku ya ce wai mutanen Wurno ba su san noman rani ba sai da gwamnati ta kawo madatsar ruwa. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai, kuma ba gaskiya ba ce.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, wajen 1830, a can ya rasu a 1837, kabarinsa na nan har yau. Ribaɗi kuwa ba ya zaunuwa da mayaƙa kawai. Bello ya zaunar da jama'a, har da Fulani makiyaya, ya sa su riƙi gona, domin garin da ke tsare iyaka da Gobirawa dole ya ci da kansa. Fadamar Rima ce ta sa wurin ya zaunu: shinkafa da damina, lambu idan ruwa ya janye. Madatsar Goronyo da ke kan kogin Rima kuwa a shekarun 1980 aka gina ta. To kafin nan da me kakanni suke ban ruwa? Da jigo: sanda doguwa a kan gwafa, dunƙulen laka a gindinta, guga a bakinta, ana ɗebowa ana zubawa a magudana, ruwa na bin fangali ɗaya bayan ɗaya.

Da wakilinku ya tsuguna wurin manomi ɗaya, da ya ji yadda aikin albasa yake. Ana yafa iri a fangalin reno, a bar shi kwana 40 zuwa 45 kafin dashe. Dashen da ya wuce hunturu ba ya yin kai sosai, zafi na riskarsa. Idan ganye ya fara kwanciya, sai a yanke ruwa kamar mako biyu kafin cira, a bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe, sannan a kai rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Wanda ya cika mata takin yuriya ko ya ba ta ruwa har ranar cira zai ga manyan kawuna, amma kafin damina ta tsaya rabi ya ruɓe a ajiya. Tafarnuwa ita ma sanyi take so, kuma ba ta jure ruwa ya kwanta mata. Wannan ilimi gado ne, ba injin ban ruwa ya zo da shi ba. Inji sauƙi ya kawo, tare da kuɗin mai da ke cin ribar.

Ina roƙo ku koma Wurno, ku nemi dattawan lambu, ku gyara maganar a cikin shirin da aka yi ta.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya da kuke yankan shiri da shi. Ana tsakiyar bayani sai mai magani ya shigo, kuma ba a komawa inda aka tsaya.

Naku,
Mai sauraro daga Wurno, Jihar Sakkwato