Ranar da na fara sauka Alƙahira

Malam Edita, assalamu alaikum, a ɗan ba ni fili don Allah.

Wata biyu ke nan da na raka yayana Masar ganin likita, wallahi tun daga filin jirgi kaina ya ɗaure. Ni da nake ganin cunkoson ranar bikin kamun kifi na Argungu shi ne ƙarshe, ashe a Alƙahira kullum haka ake, hon ta ko'ina, ƙarfe 2 na dare shaguna a buɗe mutane na shan shayi sai ka ce yanzu aka yi magariba. Tsallaka titi kuwa sai da wani dattijo ya kama hannuna muka ratsa tsakanin motoci ina ta salati, shi ko a jikinshi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasarsu tun 1987 yake aiki, har da taragon mata zalla, na kusa faɗawa ciki aka daka min tsawa.

Larabcin da na koya a islamiyya bai fisshe ni ba, ina magana mai tasi na dariya wai kamar mai huɗuba. Amma da na tsaya kan gada na hangi kogin Nilu, kogin Matan Fada na garinmu Argungu ne ya faɗo min a rai.

Naka,
mai karatu daga Argungu, jihar Kebbi