A koma a ƙidaya dashen da ya rayu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu in yi tsokaci kan maganar kafa kurmi a cikin birane, wadda hukumomi ke ta yi mana alkawari.

Kowace damina sai mun ga hoton manya sun durƙusa da shebur, a ce an dasa dubu kaza, a tafa, a watse. Bara na bi ta wani fili wata biyar bayan irin wannan biki. Allon sanarwa na nan tsaye da fentinsa. Dashen kuwa duk ya zama busassun tsinke a cikin ramuka. Na tuge ɗaya, sai ga ledar reno ba a ko cire ba, saiwar ta nannaɗe a ciki kamar zare.

Ko da sun rayu, jeren bishiya iri ɗaya a bakin titi ba kurmi ba ne. Za a sha inuwa, amma cuta ɗaya na iya kwashe su gaba ɗaya, tsuntsayen da za su zauna kuma kaɗan ne. Masanin tsirrai ɗan Japan, Akira Miyawaki, wanda ya rasu a 2021, ya nuna wata hanya. A fara gyara ƙasa da taki, a tattaro itatuwa iri-iri na asalin yankin, dogaye da matsakaita da gajeru, a dasa su a cunkushe, kamar uku a kowane murabba'in mita. Sai a lulluɓe ƙasar da ciyawa, a yi ban ruwa da cire haki shekara biyu zuwa uku, sannan a ƙyale su. Cunkoson ne ke sa su rige-rigen neman hasken rana. Ganyen da ya zuba kuma a bar shi ya ruɓe. A nan tsutsa da ƙwari ke zama, su tsuntsu ke bi, ruwan sama kuma ya samu inda zai nutse maimakon ya cika kwata. Mai shara da ashana a aljihu ya fi akuya ɓarna a irin wannan wuri.

Gaskiya hanyar na cin kuɗi, kuma ɗan fili ɗaya ba zai sanyaya gari ba. Shi ya sa birnin Medelin na Kolombiya, tun daga 2016, ya haɗa hanyoyi 30 masu itatuwa a bakin tituna da rafuka, ya horar da masu lambu yana biyan su. Hukumomin birnin sun ce zafi ya ragu da kusan digiri 2. Tun kafin su, a 1861, Sarki Pedro na Biyu na Barazil ya sa a sake dasa tsaunukan Tijuka bayan gonakin kofi sun cinye dajin, ruwan birnin Riyo ya ja baya. An fi shekara goma ana wannan aiki.

Roƙona gare ka, Malam Edita, idan rani ya tsananta ka tura wakilinka filayen da kuka buga hotunansu. Ya ƙidaya masu ganye, ya tambayi wa aka ɗora wa ban ruwa, da kuma ko an biya shi.

Naka,
Wani mai karatu