A Koya wa Ɗaliban Sakandare Shirya Fim, Ko da Waya Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano, da shugabannin makarantun gwamnati na cikin birni, da iyayen yara, a kan koya wa ɗaliban sakandare shirya fim.

Tun farkon shekarun 1990 Kano ce cibiyar finafinan Hausa, amma har gobe yawancin masu ɗaukar hoto da masu haɗa shi a wurin ubangida suka koya, daga ɗaukar jakar kyamara. Mai son karatun abin sosai sai ya nufi Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, ɗan Kurna ko Ɗorayi kuwa da mahaifinsa ke fama da kuɗin jarrabawar WAEC ba zai iya ba. Ga shi kuma yaran nan kullum bidiyo suke ɗauka suna zubawa a TikTok, babu mai nuna musu daidai. A 2019 duniya ta ga wasu matasa a Kaduna, masu kiran kansu The Critics, suna haɗa gajerun finafinai na ƙagaggen kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren yadi, wanda ake ratayawa a bayan ɗan wasa don a musanya shi da wani hoto a wurin haɗawa. Saboda haka rashin kyamara ya daina zama uzuri. Abin da makarantunmu suka rasa shi ne malami ɗaya mai tsari, da awa biyu a mako.

Kada a fara da ajin mutum tamanin. A buɗe kulob na ɗalibai 30 daga SS1 da SS2, a ƙyale 'yan SS3 da jarrabawarsu. A raba su gida biyar, kowane gida mutum shida: darakta, mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai kula da kwantiniti (wato mai lura kada kaya ko motsin ɗan wasa su saɓa daga wannan ɗauka zuwa waccan), da 'yan wasa biyu. A riƙa juya matsayin duk mako uku, in ba haka ba yaro ɗaya mai baki ne zai riƙe waya har ƙarshen zango. Kayan aikin kulob ɗin: waya biyar masu ɗaukar bidiyo mai kyau na 1080p, tiraifod (maɗorin kyamara mai ƙafa uku) biyar ko da na talla ne masu araha, ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga guda biyar, fawa-bank biyu masu 20,000mAh, da katin ajiya ko filash na 64GB. Wayoyin su zama na makaranta, babu layi a ciki, su kwana a kulle a ofishin shugaba. Wannan yana magance dokar hana ɗalibai zuwa da waya, yana kuma hana hoton 'ya'yan mutane fita.

Makonni uku na farko ba a taɓa waya. Rubutu ake yi. Kowane gida ya rubuta labarin da ba zai wuce minti uku ba, da Hausa, a shafi uku, domin shafi ɗaya kusan minti ɗaya yake ci. A gindaya sharuɗɗa: wuri biyu kawai, duk a cikin harabar makaranta, 'yan wasa ba su wuce uku ba, babu bindiga, babu mota, babu asibiti. Idan aka sakar wa yara mara, kusan kowa labarin attajiri da gidan bene zai kawo, abin da ba su da shi ba su kuma san shi ba. Da an ƙuntata su sai labarai masu rai su fito: yarinyar da ta ɓatar da kuɗin tallan mahaifiyarta, yaron da ke ɓoye cewa ba ya ganin allo daga bayan aji. Daga nan a zana kowace ɗauka a takarda, ko da zanen kai da ƙafa ne. Fim na minti uku yakan ci ɗauka 15 zuwa 25.

Sauti shi ne inda aikin yara ya fi lalacewa, shi ya sa muke so a ba shi makonni biyu cur. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma da ya kasa jin magana ya tashi. Makirufon waya yana ɗaukar abin da ya fi kusa da shi ne, wato numfashin mai riƙe da ita, sai janareton maƙwabta da hon ɗin A Daidaita Sahu. Da ɗan wasa ya yi nisan taku uku muryarsa ta nutse. A maƙala masa makirufo kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a ɓoye igiyar cikin riga, a tabbata hijabi ko wuyan riga ba ya gogarsa. Inda babu makirufo, a kunna rikoda a waya ta biyu a sa a aljihun gaba. Kafin kowace ɗauka, mutum ɗaya ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. A wurin haɗawa, da wannan tafin za a daidaita murya da motsin baki. A kashe fanka. Kuma a kowane wuri kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30 a naɗi shirun wurin, domin da shi ake cike giɓi tsakanin maganganu. Mai sauti ya sa abin ji a kunne koyaushe, a kuma ba shi ikon tsayar da aiki ko darakta bai so ba.

Haske kuwa Allah ya hore mana shi kyauta, sai dai a san lokacinsa. Ranar tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido, fuska ta yi duhu, farar rigar makaranta ta ƙone a hoto. A yi ɗaukar waje kafin ƙarfe goma na safe ko bayan La'asar, ko a shiga inuwar darbejiya. A cikin aji, taga ta kasance a gefen ɗan wasa. In ta zama a bayansa baƙin mutum-mutumi kawai za a gani. Kwali da aka manna wa farar takarda ya isa ya mayar da haske kan fuska. A danna fuskar ɗan wasa a gilashin waya a riƙe har haske da saiti su kulle, don kada hoton ya riƙa haske yana duhu duk sanda wani ya gifta. Idan a ƙarƙashin doguwar fitila ake aiki aka ga hoto yana ƙyaftawa, dalilin shi ne wutar lantarkinmu 50Hz ce, wato sau 50 take juyawa a daƙiƙa, waya kuwa tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. A mayar da ita 25 da manhaja irin Open Camera, wadda kyauta ce. Lokacin hunturu a goge idon kyamara kafin kowace ɗauka. A riƙe waya a kwance, a bar zuƙo hoto da yatsa, a matsa da ƙafa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke rikita sababbin hannu. In mutum biyu na hira, a ja layi da alli a ƙasa daga wannan zuwa wancan, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin har fitowar ta ƙare. Da ta tsallaka, su biyun za su bayyana suna kallon ɓangare guda, kamar ba da juna suke magana ba. Mai kwantiniti kuma ya rubuta komai a littafi: lambar ɗauka, wadda ta yi kyau, hannun da ke riƙe da biro, yadda hula ta karkata.

Minti ɗaya na 1080p yana cin 120MB zuwa 150MB, kuma fim na minti uku yakan bar ɗanyen hoto na minti 15 ko fiye. A kwashe shi zuwa wuri biyu a ranar da aka ɗauka, kafin kowa ya tafi gida. Ana iya haɗawa a waya da manhajar CapCut ko VN, ko a tsohuwar kwamfuta da Shotcut. Kada a ɗora babbar manhajar haɗa hoto ta DaVinci Resolve a kwamfutocin ɗakin karatun makaranta, ta fi ƙarfinsu. A haɗin farko a hana kiɗa da ƙyale-ƙyale gaba ɗaya, sai labari ya tsaya da ƙafarsa. Kuma kada a ɗauki waƙar wani mawaƙi a manna, haƙƙinsa ne.

Sai babbar magana, wadda ta fi duk waɗannan. Kowa ya tuna yadda shirin gina alƙaryar fim a garin Ƙofa na Jihar Kano ya rushe a 2016 bayan malamai da jama'a sun nuna ƙin amincewa. Damuwar iyaye game da tarbiyya gaskiya ce, kuma duk shugaban makarantar da ya raina ta kulob ɗinsa ba zai kai zango biyu ba. A kira taron iyaye tun kafin a fara, a karanta musu labaran da za a ɗauka. Kowane ɗalibi ya kawo takardar amincewa da sa hannun uba ko waliyyi. A makarantun 'yan mata malama ce za ta jagoranta, wadda iyayenta ba su yarda fuskarta ta fito ba kuma ta yi rubutu, ko sauti, ko haɗa hoto. Nan ma ake da ƙarancin mata a masana'antar. Babu rawa, babu aiki bayan an tashi sai da malami a wurin, babu ɗora komai a intanet sai da izini na biyu a rubuce. A fara nuna finafinan ga iyaye a ɗakin taron makaranta. In za a kai su gaban jama'a a waje, a tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai ta jiha tukuna.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Ilimi shi ne ta zaɓi makarantu goma a cikin birni, biyar na maza biyar na mata, ta tura malamin Hausa ko na Turanci ɗaya daga kowacce horon mako biyu a lokacin dogon hutu. Ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN kuma ta ba da masu ɗaukar hoto da masu sauti da za su riƙa leƙa kowace makaranta sau ɗaya a wata, su kalli aikin yara su gyara musu.

Wassalam.

Daga wasu malaman sakandare masu koyar da wasan kwaikwayo, Kano.